ƊAN MARAYA JOS, MAWAƘIN DA YA TUNA DA KAREN MOTA

Ran Asabar, 20 ga watan Yuni, 2015, labari ya bazu cikin garin Jos cewa Alhaji Adamu Wayya ya rasu. Waɗansu da suka ji wannan suna ba su gane ko wane ne ba. Sai da aka ce musu Ɗan Maraya ne, sa'an nan jikin kowa ya yi sanyi. Kafin faɗuwar rana labarin ya kai ko'ina inda ake jin Hausa.

Shekaru sun shuɗe tun daga ran nan. Amma har wa yau in aka sa waƙarsa a rediyo, sai ka ga dattijo ya ajiye abin da yake yi, ya kasa kunne. Mu da muka tashi muna jin muryarsa a akwatin rediyon iyayenmu, mun ga ya kamata mu tuna da shi, mu kuma faɗa wa 'ya'yanmu ko wane irin mutum ne. Gama akwai abin da ya yi wanda ya shafi kowane gida, har da namu.

MARAYAN BUKURU

An haife shi a shekarar 1946 a Bukuru, mil kaɗan kudu da Jos. A zamanin nan Bukuru garin kuza ne. Mutane sun zo daga nesa da kusa neman abinci, suka tarar da Birom masu ƙasa, suka zauna tare da su. Akwai leburorin haƙar kuza, da ma'aikatan reluwe, da 'yan tireda, da direbobi da yaransu. Kowa da harshensa a gida, amma in an haɗu a kasuwa Hausa ake yi.

Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Bukuru. Yaron bai san shi ba, domin ya rasu ba da daɗewa ba bayan haihuwarsa. Mahaifiyarsa kuma ta bi baya tun yana jinjiri. Daga nan sunan Ɗan Maraya ya samo asali. Sarkin ne ya ɗauke shi, ya riƙe shi a gidansa har ya yi wayo.

Bari mu dakata a nan kaɗan, masu karatu. Sa'ad da sarkin nan ya karɓi jinjirin, bai san zai zama wani abu ba. Ɗan baransa ne kawai, ba uwa ba uba. Da ya ce ba ruwansa, ba mai ganin laifinsa. Amma ya riƙe shi. Duk waƙar da muka ji daga bakin Ɗan Maraya, da duk nasihar da ta shiga gidajenmu ta wurinsa, daga wannan alheri suka tsiro. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne.

GWANGWANI DA TSIRKIYA ƊAYA

Da ya ɗan tasa sai ya yi wata tafiya. A Maiduguri ne ya ga masu kiɗan kuntigi, abin ya shiga ransa. Ya koma Jos da niyyar wannan ce sana'arsa, bai kuwa sake ta ba har ƙarshen ransa.

Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin kuntigi ba. Wani ɗan abin kiɗa ne da za ka iya riƙewa a hannu ɗaya. Akan sami gwangwanin kifi mai ɗan tsawo, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka ɗan sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Shi ke nan. Duk kayan haɗa shi ba su fi abin da yaro zai tsinto a bayan kasuwa ba.

Manyan mawaƙan zamaninsa ba haka suke fita ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana da makaɗan kalangu da 'yan amshi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, yana da makaɗan kotso da jama'arsa. In sun tashi waƙa, fili ya cika da su. Ɗan Maraya kuwa shi kaɗai yake tsayawa. Shi ne mai kiɗa, shi ne mai waƙa, ba ɗan amshi ko guda. Saboda haka ba inda magana za ta ɓuya. In abin da ya faɗa ba shi da ma'ana, nan take kowa zai gane. Wannan ya sa ya zama mai auna magana, kalmominsa kuma a fili suke, yaro da babba kowa yana fahimta.

WANE NE YA TAƁA YABON KAREN MOTA?

A al'adar ƙasar Hausa, mawaƙi yakan yabi wanda zai iya yi masa kyauta. Sarki ya ba da doki da riga, attajiri ya ba da kuɗi, daga baya ma har mota. Ɗan Maraya shi ma ya yi irin waɗannan waƙoƙi, ya yabi manya da masu hannu da shuni, gama sana'arsa ke nan, da ita yake ci. Amma waƙar da ta fara fito da shi, wadda ake kira Waƙar Karen Mota, ta wanda ba shi da ko anini ce.

Ku tuna da aikin yaron mota a kwanakin nan na manyan motocin katako. Shi ne mai loda kaya, ya ɗaure da igiya, ya ja tamfol. In mota ta ƙi tashi, shi zai tura. In ta yi zafi, shi zai shiga daji neman ruwa. In taya ta yi faci cikin dare, shi zai kwanta a ƙasa. In an zo hawa mai tsanani, irin Hawan Kibo a kan hanyar Akwanga zuwa Jos, shi zai diro da waigi a hannu, yana bin mota a guje, don kada ta koma da baya ta hallaka mutane. Ruwa a kansa, ƙura a kansa, sanyin Jos a kansa. In an sauka lafiya, direba ake gode wa. Shi kuwa ko sunansa ba a tambaya, sai dai a kira shi da sunan da ya fi kama da zagi.

Wannan ne mutumin da Ɗan Maraya ya ɗaga a gaban jama'a. Muna tsammani maraicinsa ne ya buɗe masa ido. Wanda ya tashi a gidan da ba na ubansa ba, kome kirkin masu gidan, ya san yadda ake zama a gefe. Da ya sami baki, sai ya yi magana domin na gefe.

A waƙarsa ta Mai Akwai da Babu ya auna zaman mai dukiya da na matalauci, ya nuna yadda jama'a suke bambanta su. Mai abin hannu da marar shi duka sun saurara, kowa ya ji nasa.

YA SHIGA HAR CIKIN ƊAKI

Abin da ya fi shafarmu a nan shi ne waƙoƙinsa na zaman iyali. Akwai maganganun da ba a yi a fili. Miji da mata suna cikin matsala, maƙwabta sun sani, dangi sun sani, amma kowa ya kama bakinsa. Ɗan Maraya ya ɗauki waɗannan maganganu ya sa su cikin waƙa.

A Jawabin Aure ya jera abubuwan da suke kashe aure, ya nuna wahalar da rabuwa take jawowa, ya gargaɗi ma'aurata su yi haƙuri da juna. A Auren Dole ya tsaya wa yarinyar da iyaye suke so su ba wanda ba ta so. Ku lura fa, ya yi wannan a lokacin da yarinya ba ta da bakin musu a gaban ubanta. A Gulma Wuya ya nuna yadda mai kai da kawowa yake shiga tsakanin masu ƙaunar juna, ya faɗi nan, ya faɗi can, har ya raba su.

Yana da wata gwaninta da ta sa waƙoƙin nan suka kama mutane. Yakan sāke murya, ya yi maganar wannan, ya juya ya yi ta wancan, kamar mutum biyu ko uku ne suke gardama a gabanka. Sai dariya ta kama ka. Kana cikin dariya sai ka ga ashe da kai ake. Maigida ya saci kallon uwargida, uwargida ta sunkuyar da kai tana tankaɗe. Ba wanda aka kira sunansa, ba wanda aka kunyata, amma saƙo ya isa. Gaskiya ɗaci gare ta, shi kuwa ya san yadda ake sa mata zuma.

Waɗansu za su ce ai auren dole ya zama labarin dā. Ina ma a ce haka ne. Har yanzu akwai gidajen da ake matsa wa yarinya saboda mai neman yana da kuɗi, ko saboda bashin da ke kan uba. Har yanzu gulma tana raba aure, sai dai yanzu ba ta bukatar zuwa da ƙafa, ta wayar hannu take tafiya. Kada kuma mu ce wannan halin waɗansu ne can. Mu ma yana cikinmu.

MAWAƘIN KOWA DA KOWA

Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojoji waƙa don ƙarfafa musu zuciya. Gidaje da yawa a Filato da Binuwai da kudancin Zariya suna da ɗa ko miji a bakin dāga, saboda haka waƙar ta shige su ƙwarai. Bayan yaƙi sunansa ya ƙara tashi. Gidajen rediyo suna sa shi, faya-fayen garmaho suna yawo, daga baya kaset ya zo ya kai muryarsa kowace tasha da kowane teburin mai shayi. Ya fita ƙasashen waje da ɗan kuntiginsa. Gwamnatin Nijeriya ta ba shi lambar girma ta MON, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar zaman lafiya, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Marayan Bukuru ke nan.

Shi Musulmi ne, a cikin addininsa ya rayu, a cikinsa kuma ya rasu, a kwanakin farko na watan azumi. Amma ba mu taɓa jin waƙarsa ta waɗansu ce ban da mu ba. Musulmi da Kirista sun saurare shi a mota ɗaya, sun yi dariya a wuri ɗaya. Dalili kuwa shi ne abin da yake magana a kai na kowa ne: aure, talauci, kwaɗayi, haƙuri, da halin ɗan adam mai wuyar ganewa.

Garin da yake ɗauke da sunansa ya sha wuya a ƙarshen zamaninsa. Rikicin 2001, da na 2008, da na 2010 sun ci rayuka masu yawa, sun raba unguwannin Jos da Bukuru, maƙwabtan dā suka koma tsoron juna. Duk wanda ya san Jos ta dā ya san abin da aka rasa. Muryar Ɗan Maraya tana cikin 'yan abubuwan da suka rage waɗanda kowane ɓangare yake cewa nasa ne. Da ya rasu, an yi baƙin ciki a wannan unguwa, an yi a waccan.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba mu ce shi marar aibi ba ne. Mutum ne kamar kowa, mawaƙi mai neman abinci da bakinsa. Amma ya bar mana tambayoyin da ya kamata kowane maigida da uwargida su yi wa kansu.

Wane ne karen motar gidanmu? Watau wanda yake yin aikin da ya fi wuya, ba a kuwa gode masa. Wataƙila yarinyar da aka kawo daga ƙauye ce, mai tashi kafin kowa, mai kwanciya bayan kowa. Ta ci abin da 'ya'yanmu suka ci? Tana zuwa makaranta kamar su?

Akwai maraya a cikin danginmu? Rikici da ciwo da haɗarin mota sun bar su da yawa a ƙasarmu. In yana hannunmu, yana jin shi ɗan gida ne, ko kuwa ɗan aike? In ba ya hannunmu, mun san inda yake kwana?

In 'yarmu ta isa aure, muna jin ta bakinta kafin mu karɓi kayan kowa? In kuma aka kawo mana maganar gidan wani, muna tsayar da ita a wurinmu, ko muna ƙara mata gishiri mu miƙa gaba?

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, shi ya sa ba mu rubuta muku ko baiti ɗaya nasa a nan ba. Waƙoƙinsa suna nan, ba su da wuyar samu. Ku roƙi ɗaya daga cikin yaranku ya nemo muku su a wayarsa. Wata rana da dare, bayan an ci tuwo, ku tara iyali ku saurara tare. In yara sun tambayi ma'anar wata kalma, ku bayyana musu. In sun tambaya wane ne wannan mai kiɗa da tsirkiya ɗaya, sai ku fara musu daga Bukuru, daga jinjirin da wani ya ɗauka ya riƙe.