Yadda Za A Mayar Da Waƙoƙin Kaset Cikin Kwamfuta Ba Tare Da An Rage Sautinsu Ba

A gidaje da yawa na Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi akwai akwatuna cike da kaset-kaset waɗanda aka tara tun shekarun 1970 da 1980. A cikinsu akwai waƙoƙin ƙungiyoyin Zumuntar Mata na majami'u, da karatun malamai, da kiɗan aure, da bushe-bushen bikin Afan wanda mutanen Kagoro ke yi ran 1 ga Janairu kowace shekara. Da dama an rera su ne da harsunan Tyap da Jju da Hyam, wani kaset ɗin kuwa ba shi da na biyu ko'ina. Zaren kaset ba ya dawwama. Laimar damina, wadda ke da nauyi a kudancin Jihar Kaduna, tana sa shi fumfuna, zafi yana sa shi mannewa, rikodojin da ke juya shi kuma kullum ƙaranci suke yi. Saboda haka jama'a suka fara kwafe waƙoƙin zuwa kwamfuta, kuma sun yi daidai. Inda ake kuskure shi ne wajen zaɓen irin fayil ɗin da za a zuba su.

Kwamfuta tana kama sauti ne ta hanyar auna shi sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, tana rubuta kowane awo da lambobi. Faifan CD, wanda ya fito kasuwa a 1982, yana ɗauke da awo 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo da ma'auni mai bit 16. Fayil ɗin da ake kira WAV yana ajiye waɗannan lambobi duka, bai bar ko ɗaya ba. Aibinsa shi ne girma: minti ɗaya yana cin kusan megabayit 10, kaset na awa ɗaya kuwa ya haura megabayit 600.

Don rage wannan nauyi aka ƙirƙiro hanyoyi biyu, kuma wajibi ne a san bambancinsu. FLAC, wanda ya fito a 2001, kamar ninke zane ne a sa cikin akwati. Ya kan rage girman fayil da wajen rabi, amma ranar da aka warware shi za a tarar da zanen cif, yadda aka saka shi. MP3 kuwa, wanda masanan cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus suka yi babban aiki a kansa, aka kuma tabbatar da ƙa'idarsa a 1993, aikin tela ne mai almakashi. Yana yanke sautukan da aka yi ƙiyasin kunnen ɗan Adam ba zai lura da su ba, watau ƙananan da manya suka danne, ya zubar. A ma'aunin kilobit 128 a daƙiƙa, kaset na awa ɗaya ba ya kai megabayit 60. Sauƙin a fili yake, sai dai abin da almakashi ya yanke ya tafi ke nan. Mutumin da ya juya MP3 zuwa FLAC yana zaton ya gyara shi, ya ƙara wa fayil girma ne kawai, sautin yana nan da raunin da ya samu.

Irin kiɗan wannan yanki ma ya fi shan wahalar yankan. Muryar mai wa'azi shi kaɗai ba ta cika lalacewa ba ko a ƙaramin ma'auni. Amma tafin mata da yawa a lokaci ɗaya, da caki, da amshin taron mawaƙa, su ne ke fara dagulewa, a riƙa jinsu kamar ana watsa ruwa a kwano. Ga shi kuma tsohon kaset yana da shuu ɗinsa tun asali, MP3 kuwa ba ya bambanta wannan shuu da waƙa, sai ya ɓata wani kaso na ɗan wurin da yake da shi wajen ɗaukarsa.

Abin da ya kamata a yi shi ne a kwafi kowane kaset sau ɗaya, da kyau, cikin WAV ko FLAC, a ɗauki wannan a matsayin uwa wadda ba a taɓawa. Ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, watau IASA, ta ba da shawarar kada a gaza awo 48,000 a daƙiƙa da bit 24 wajen irin wannan aiki. A wannan ma'auni awa ɗaya tana cin gigabayit ɗaya da 'yan kai, don haka faifan ajiya mai gigabayit 1,000 zai ɗauki fiye da awa 900. Majami'a ko ƙungiyar gari guda ba ta cika tara abin da ya kai haka ba. Daga uwar ne za a riƙa fitar da MP3 don waya da mota da rabawa dangi. Kilobit 192 zuwa 256 ya wadatar ga waƙa, 320 shi ne iyakar MP3, magana zalla kuwa 96 ma ta isa.

A yi hattara da hanyar aikawa. Wanda ya kunna waƙa ya kara waya ya ɗauke ta kamar saƙon murya a WhatsApp ya sake yi mata yanka na biyu, har da ƙarar ɗaki a ciki. In za a aika da fayil, a tura shi a matsayin takarda, domin ta haka yake isa yadda yake. Haka nan waƙoƙin da masu turi ke zuba wa mutane a katin waya a kasuwa sun isa saurare, amma ba a san hannu nawa suka bi ba, ba a kuma mayar da su uwa.

A ajiye uwar a faifai biyu, ɗaya a gida ɗaya a wani wuri dabam, a riƙa kunna su ana dubawa ko sau ɗaya a shekara. A sunan kowane fayil a rubuta mawaƙi ko ƙungiya, da gari, da harshe, da shekarar ɗauka in an sani, a tambayi dattawa tun suna nan. Kaset ɗin kansa kada a jefar da shi bayan kwafa. A mayar da shi cikin kwalinsa, a tsayar da shi a wuri busasshe mai sanyi, nesa da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu.