Ginin Majalisar Dokokin Bangladash: Sigarsa da Ma'anarsa

Ba kullum ne gini kan riƙe ma'anar da mai shi ya nufe shi da ita ba. Ginin majalisar dokokin Bangladash, wanda yake birnin Dakka, ya isa misali.

Dangane da siga, da zallar kankare aka yi shi, aka ratsa shi da siraran layukan farin marmara. Haƙaƙƙen tafki ya kewaye shi ta fuska uku, abin da ya dace da ƙasar koguna. An huda bangon waje da manyan kafofi masu siffar da'ira da alwatika, domin haske ya shiga, zafin rana ya tsaya waje. Zauren mahawara yana tsakiya, sassa takwas suna kewaye da shi. Masallacin kuwa an ɗan karkata shi daga layin sauran ginin don ya fuskanci alƙibla.

Ta fuskar tarihi, gwamnatin Ayub Khan ce ta sa a gina shi, zamanin da yankin yake Pakistan ta Gabas, don ta lallashi mutanen da suke kukan an mai da su saniyar ware. A 1962 aka ɗora wa Ba'amurke Louis Kahn alhakin zana shi. Yaƙin neman 'yanci na 1971 ya tsai da aikin, Kahn ya rasu a 1974, ba a kammala ba sai a 1982. Watau ginin da aka nufa ya ɗinke Pakistan, shi ne ya zama tambarin ƙasar da ta ɓalle daga gare ta.