Daga Siton Zuwa Laba: Lissafin Awo da Ran Ɗan Adam

A kasuwannin Gummi da Bukkuyum da Anka, da mudu da tiya ake auna gero da dawa, kuma kowa ya san cewa mudun wani gari kan ɗara na wani. Abin da waɗannan ma'aunai suke nunawa shi ne cikar kwano. Nauyi kuwa sai a sikeli ake sanin sa, kuma shi ma yana da ma'aunai iri-iri. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi rikita ɗalibai shi ne siton, wanda akan ci karo da shi a tsofaffin littattafan lissafi da jaridun Ingila, da kuma jikin tsofaffin sikeloli masu alamar st da lb.

Ma'anar kalmar siton ita ce dutse, domin da duwatsu 'yan kasuwar Turai suke awo a zamanin da. Sai dai dutsen kowace sana'a daban yake. Na mahautan Landan laba 8 ne, na masu sayar da gashin tumaki kuwa laba 14. A shekarar 1835 dokar Ingila ta tsayar da siton a kan laba 14. Siton 8 shi ne laba 112, siton 160 kuma shi ne tan guda na Ingila, wato laba 2,240. Da laba da tan ɗin nan kamfanonin Turawa suka riƙa sayen gyaɗa da auduga a ƙasar Hausa, kafin Nijeriya ta koma ga kilo a shekarun 1970.

Hanyar juya siton zuwa laba ba ta da wuya. A ninka yawan siton sau 14, sannan a ƙara labobin da suka yi saura. Alal misali, mutum mai nauyin siton 11 da laba 4: 11 sau 14 ya ba da 154, a ƙara 4, ya zama laba 158. In kuwa daga laba za a koma siton, sai a raba da 14. Laba 130 ke nan siton 9 da ragowar laba 4.

Akwai wani tarko da ya kamata malamai su jawo hankalin ɗalibai gare shi. Siton 9.5 ba siton 9 da laba 5 ba ne. Rabin siton laba 7 ne, saboda haka amsar ita ce laba 133, ba 131 ba. Dalili kuwa shi ne, ɗigo goma-goma yake rabawa, alhali siton goma sha huɗu yake rabuwa.

Mataki na ƙarshe shi ne komawa kilo. Tun 1959 ƙasashen da suke amfani da laba suka daidaita a kan cewa laba ɗaya kilo 0.45359237 ce. Ke nan siton ɗaya ya kai kimanin kilo 6.35, kuma mutumin nan mai laba 158 nauyinsa kilo 71.7 ne.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa wannan lissafi da rai? Amsar tana ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A shekarar 2010 aka gano cewa ƙurar duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje a Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma tana ɗauke da gubar dalma. Yara kimanin 400 suka rasu. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi wa dubban yara magani da wata ƙwaya mai fitar da dalma daga jini, wadda likita kan auna ta gwargwadon nauyin yaro, miligiram 10 ga kowane kilo a kowane sha.

To, a ɗauka ga yaro mai nauyin siton 2. Laba 28 ke nan, ko kilo 12.7, kuma rabonsa miligiram 127. Da wani zai rubuta 28 kawai a takarda, wani ya karanta ta a matsayin kilo, da an ba yaron miligiram 280, fiye da ninki biyu na abin da ya dace. Wannan ne ya sa ake horon ma'aikatan asibiti su auna yara da kilo, su kuma rubuta sunan ma'aunin kusa da lambar.

Irin wannan kuskure ya taɓa faruwa a sararin sama. A watan Yuli na 1983, wani jirgin fasinja ƙirar Boeing 767 a ƙasar Kanada yana bukatar mai kilo 22,300, amma aka yi lissafin da laba, ya tashi da abin da bai kai rabi ba. Man ya ƙare ana cikin tafiya, sai da matuƙan suka lallaɓa suka sauke shi a wani tsohon filin jirgi na garin Gimli, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Saboda haka, duk lokacin da ɗalibi ya ga lamba a littafi ko a sikeli, ya fara da tambayar kansa: siton ne, laba ce, ko kilo? Hausawa sun ce tambaya rabin ilimi. Sauran rabin a nan lambobi biyu ne kacal da ya kamata a haddace: 14 da 0.4536.