Dutsen da ya faɗo a gonar Zagami daga duniyar Mars yake

A wannan fitowa, shafin kimiyya zai yi magana ne a kan wani dutse. Kada ku raina shi, domin ya yi tafiyar da babu wani mahaluki a Tudun Wada da ya taɓa yin irinta, kuma ya ƙare tafiyar tasa nan kusa da mu.

In ka kama hanyar Funtuwa daga Zariya, ka wuce zuwa yankin Faskari a jihar Katsina, akwai wani ƙauye da ake kira Zagami. Ranar 3 ga Oktoba 1962, shekara biyu da kwana biyu bayan samun 'yancin kai, wani manomi yana korar tsuntsaye a gonarsa sai ya ji ƙara mai ƙarfi, wani abu ya faɗo kusa da shi ya nitse cikin ƙasa. Da aka tono, sai ga dutse mai nauyin kusan kilo 18, bayansa baƙi ƙirin kamar an gasa shi, cikinsa kuwa ruwan toka. Aka kai shi ofishin binciken ma'adanai na Kaduna, ya zauna can shekaru.

A yau duk wani masanin duwatsun sama, ko a Japan yake ko a Amurka, ya san sunan Zagami. Duwatsun Mars da aka tsinta a duniya sun kai kimanin 400, amma waɗanda mutane suka ga faɗowarsu da ido guda biyar ne kacal: na Faransa a 1815, na Indiya a 1865, na Masar a 1911, na Zagami a 1962, sai na Maroko a 2011. Wanda aka ɗauka jim kaɗan bayan faɗowarsa ya fi daraja wurin masu bincike, saboda ruwan sama da ƙasarmu ba su samu damar ɓata shi ba.

To, yaya aka yi aka san daga Mars yake?

Wannan ita ce tambayar da ta kamata kowane ɗalibi ya yi, kuma ni ma ita na fara yi. Ai dutse ba ya zuwa da takardar shaida.

Abin da ya fara ɗaure wa masana kai shi ne shekarunsa. Akwai sinadarai a cikin dutse da ke rikiɗa sannu a hankali, a kan lissafin da ba ya sauyawa, kuma da su ake auna daɗewarsa. Yawancin duwatsun da ke faɗowa daga sama sun kai shekara biliyan 4.5, wato sa'annin duniyarmu ne. Na Zagami kuwa da aka auna, bai wuce shekara miliyan 180 da daskarewa ba, kuma daga narkakken dutse ya daskare, irin wanda dutse mai aman wuta ke fitarwa. Ƙananan duwatsun da ke yawo a sarari sun huce tun tuni, ba su da sauran zafin da zai narkar da dutse a wannan ɗan tsakani. Ke nan dole ya fito daga babbar duniya mai zafi a ciki. Zato ya karkata ga Mars, amma zato ba hujja ba ne.

Hujjar ta zo ne ta wata hanya. A 1976 hukumar NASA ta Amurka ta sauke na'urori biyu masu suna Viking a kan Mars, suka auna iskar wurin, suka aiko da sakamako. Aka ga cewa yadda nau'o'in naitirojin da argon da zenon suka cakuɗa a iskar Mars ya sha bamban da namu. A 1983 masana suka ɗauko wani dutse da aka tsinta a ƙanƙarar Antatika, suka zafafa wasu ƙananan ɗigo-ɗigon gilashi da ke cikinsa, iskar da ke kulle ciki ta fito, aka auna. Ta yi daidai da abin da Viking ta aiko. A 1995 aka yi wa na Zagami irin wannan gwaji, shi ma ya nuna haka. Kamar dai ka samu kwalba a rufe a bakin hanya, ka buɗe ka ji ƙamshin da ka san a gida ɗaya kawai ake yin sa.

Yadda iskar ta shiga cikin dutsen shi ne kuma bayanin yadda ya baro gida. Wani ƙaton dutse daga sarari ya auka wa Mars da ƙarfin gaske. Bugun ya narkar da wasu sassan duwatsun wurin, iska ta maƙale a ciki, suka sake daskarewa nan take. Shi dai wannan bugu ya cilla ɓarɓashi da gudun da ya haura kilomita 5 a daƙiƙa ɗaya, gudun da ake buƙata kafin abu ya kuɓuce wa jan Mars. Daga nan dutsenmu ya yi ta kewaya rana kimanin shekara miliyan 3, har hanyarsa ta haɗu da tamu a kan wata gona a lardin Katsina. Baƙin da ke bayansa ƙuna ce da ya samu lokacin da yake keta iskarmu.

Wani abin ban sha'awa: a 1996 an liƙa ɗan ƙwayar dutsen Zagami a jikin kumbon Mars Global Surveyor, aka harba shi ya je yana kewaya Mars. Ɗan Zagami ya koma ƙofar gidansu ke nan.

Binciken bai tsaya ba. A 2024 wata tawaga ƙarƙashin masana na Jami'ar Alberta a Kanada ta haɗa hotunan da kumbuna ke ɗauka daga saman Mars da shekarun waɗannan duwatsu, suna neman ramukan da suka fito daga ciki. Sun nuna ramuka biyar a yankuna biyu masu tsofaffin duwatsun aman wuta, Tharsis da Elysium. In an san inda dutse ya fito, shekarunsa sun zama shekarun wannan wuri, ba tare da kowa ya taka can ba. Sannan motar bincike mai suna Perseverance, wadda ta sauka a ramin Jezero ranar 18 ga Fabrairu 2021, ta ci karo da wani dutse mai tabo-tabo kamar fatar damisa a Yulin 2024. A Satumban 2025 aka wallafa sakamakon cewa ma'adanan da ke cikin tabon sun yi kama da abin da ƙwayoyin halitta ke bari a baya. Ku lura da kyau, ba a ce an gano rai a Mars ba, ko da kun ga haka a Facebook. An ce alama ce da ke buƙatar ƙarin gwaji, kuma samfurin yana can Mars, ba a kawo shi ba.

Wannan ne ya sa duwatsu irin na Zagami suke da tsada: har yau su kaɗai ne ɓangaren Mars da ɗan Adam ke iya riƙewa a hannu ya sa a na'ura.

A nan ne kuma maganar ta zo da ɗaci. A shekarun 1980 babban kaso na dutsen Zagami ya koma hannun wani ɗan kasuwar duwatsun sama na Amurka, aka yayyanka shi, ya bazu a gidajen tarihi da ɗakunan bincike da hannun masu kuɗi a ƙasashe da dama. Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutsen Mars a yankin Agadas na Nijar, mai nauyin sama da kilo 24, wanda ya fi kowane girma. A Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York a kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasar, kamfanin kuwa ya ce an bi ƙa'ida. A ganina, ko an bi ƙa'ida ko ba a bi ba, abin kunya ne ɗalibin Katsina ko Agadas ya ga dutsen garinsu a hoto kawai.

Kuma fa ba Zagami kaɗai ba. Dutse ya faɗo daga sama a Mayo Belwa ta Adamawa a 1974, wani ya faɗo a Gujba ta Yobe a 1984, duk da cewa waɗannan biyun ba na Mars ba ne. Wanda ya tsinci dutse mai nauyi fiye da girmansa, da baƙin ɓawo mai santsi a baya, kada ya wanke shi ko ya farfasa shi. Ya rubuta wurin da ranar, ya nuna wa malamin jogarafi ko na kimiyya, su kai sashen nazarin duwatsu da ma'adanai na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Sau da yawa za a ce dutsen gida ne, to babu laifi.

Mai son ganin Mars da idonsa kuwa ba ya buƙatar na'ura. Tana fitowa kamar tauraro mai jaja-jaja wanda ba ya ƙyaftawa sosai, kuma tsatsar ƙarfe da ke cikin ƙasarta ce ta ba ta wannan launi. Za ta yi haske sosai a Fabrairun 2027, lokacin da duniyarmu za ta ratsa tsakaninta da rana. A duba gabas bayan sallar isha'i, a daren da hazo ya yi sauƙi.