Faransa na neman raba gidajenta da tukunyar gaz

Sanyin da ke sa mutanen Agadas da Damagaram hura wuta da asuba a watan Janairu, wasa ne idan aka gwada shi da hunturun Turai. A Faransa, daga Oktoba har Afrilu, gida ba ya zaunuwa sai an ɗumama shi, kuma gidaje fiye da miliyan 10 da gaz suke wannan aiki. Tukunya ce ke ƙona gaz ta dafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya zagaya ɗakuna. Iskar karbon da ke fita daga nan tana cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi, kuma gine-gine kaɗai ke da kusan kashi ɗaya cikin shida na abin da ƙasar ke fitarwa. Ga shi Faransa ce ta karɓi taron da ya haifi yarjejeniyar Paris ta 2015, sa'annan a 2019 ta rubuta cikin doka cewa nan da 2050 ba za ta fitar da karbon fiye da wanda take iya shanyewa ba. Wannan alkawari ba zai cika ba muddin tukwanen gaz na ci.

Firigo a juye

Babban abin da hukumomi suka dogara gare shi shi ne injin jawo zafi. Duk mai firigo ya san bayansa da ɗumi, domin zafin ciki yake kwasowa yana zubarwa waje. Wannan inji haka yake aiki, amma a juye: yana tattara ɗan zafin da ke cikin iskar waje ko cikin ƙasa, ko da ana tsananin ɗari, ya shigar da shi gida. Da yake jawo zafi yake yi, ba ƙona mai ba, awo ɗaya na lantarki kan ba da awo uku zuwa huɗu na ɗumi. Masu shakkar ingancinsa ana nuna musu Norwe, inda fiye da rabin gidaje ke aiki da shi duk da ƙanƙarar ƙasar.

A manyan birane kuwa akwai wata hanya, wato tura ɗumi ta bututu daga masana'anta guda zuwa unguwanni. Paris na da irin wannan tsari tun 1927, kuma wani kashi mai yawa na tururinsa daga ƙona sharar birni yake fitowa. A kewayen birnin ana haƙo ruwan zafi daga zurfin kusan mita 2.000, aikin da aka fara a garin Melun a 1969.

Doka da aljihu

Tun Janairun 2022 ƙa'idar gini ta RE2020 ta rufe ƙofar ɗumama sababbin gidajen iyali da gaz tsantsa, a watan Yuli na shekarar kuma aka hana kafa sabuwar tukunyar gazuwal. Yaƙin Rasha da Yukiren, wanda ya cilla farashin gaz sama a 2022, ya ƙara wa lamarin gaggawa. Sai dai a Satumban 2023 shugaba Emmanuel Macron ya ƙi hana tukunyar gaz a tsofaffin gidaje, ya ɗauki alkawarin ƙera injin jawo zafi miliyan ɗaya kowace shekara nan da 2027. Ya ga rigimar da dokar ɗumama gidaje ta tayar a Jamus cikin wannan shekara.

Gaskiyar magana, kuɗi ne ƙashin bayan matsalar. Kafa injin kan wuce yuro 10.000, wato fiye da miliyan 6 da rabi na sefa, ga shi gidan da bangonsa da rufinsa ke yoyon zafi sai an fara gyara shi, in ba haka ba an zuba ruwa a kwando. Tallafin gwamnati da aka buɗe a 2020 ya rage nauyi, amma yawan canza sharuɗɗansa ya sa masu gidaje ɗari-ɗari, har cinikin injinan ya ja baya a 2024.

Inda Nijar ta shigo

Injin ba ya rage hayaƙi sosai sai in lantarkin da yake sha mai tsabta ne. Kusan kashi biyu cikin uku na lantarkin Faransa daga tashoshin nukiliya yake zuwa, kuma cikin shekaru goma kafin 2023 kimanin kashi ɗaya cikin biyar na uraniyom da take saya daga Nijar ya fito. Wannan hulɗa ta yanke, har gwamnatin Nijar ta mayar da kamfanin Somaïr na Arlit mallakar ƙasa a Yunin 2025.

A nan gida kuwa, gaz makamancin wanda Turai ke gudu ne matatar Soraz ke samarwa tun 2011, ana durawa a butali, ana roƙon matan aure su girka da shi don a bar wa daji itatuwansa. Ba saɓani ba ne: karbon da ɗan Nijar ke fitarwa a shekara bai kai kashi ɗaya cikin 20 na Bafaranshe ba. Amma zafin da hayaƙin Turai ke tarawa ba ya tsayawa a iyaka, kuma manomin Tawa da makiyayin Abalak na cikin waɗanda ke fara ɗanɗana shi.