Tsara layin saƙonni a na'urar rarraba intanet: misali daga Malbaza

A cikin wannan ƴar maƙala muna son mu nuna cewa inda hanyar intanet take da ƙunci, tsawon layin jira ne galibi ke ɓata kiran murya.

Mu ƙaddara wani ofishi a Malbaza, mai hanyar da ke fitar da megabit 1 a sakan. Saƙo yana tafiya ne ƙunshi-ƙunshi, babban ƙunshi kuwa bayit 1500 ne, wato bit 12.000, don haka fitarsa na cin milisakan 12. In wani ma'aikaci ya shiga aika babban fayil har ƙunshi 100 suka taru a modem, muryar mai kira a WhatsApp za ta jira sakan 1,2. Ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya (UIT) kuwa ta nuna kada jinkirin zuwa ya wuce milisakan 150 in ana son hira ta tafi daidai. Wanda ya taɓa bin hanyar RN1 a bayan manyan motocin siminti da na albasar Galmi ya san irin wannan jira.

Tun 1998 akwai tsarin DiffServ, wanda ya ware bit 6 a kan kowane ƙunshi don nuna matsayinsa. Lamba 46 aka saba ba murya. Sai dai mun lura ana yawan mance wani sharaɗi: na'urar ofis, wadda ma'aikata ke kira « routeur », ba ta da iko sai a kan layin da ya taru cikinta. In ya taru a modem ko a wajen kamfanin sadarwa, lambar ba ta da amfani, wasu kamfanonin ma goge ta suke yi.

Saboda haka matakin farko shi ne a ƙayyade gudun na'urar ƙasa kaɗan da na hanyar, kamar kashi 85 zuwa 90 cikin 100, don layin ya dawo hannunmu. Daga nan sai a zaɓi mai tsara shi. CoDel, wanda Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fitar a 2012, yana auna daɗewar ƙunshi a layi, ya yar da wasu don mai aikawa ya sassauta. CAKE, da ya shiga Linux a 2018, ya ƙara da raba rabo tsakanin masu aiki. A ganinmu wannan ya fi dacewa da ofishin da ba shi da injiniya, don lamba biyu kawai yake bukata: gudun shiga da na fita.

Wahalar tana ga ofishin da ke kan rezo na 4G, inda gudu ke sauyawa da yawan jama'a. A nan muna ba da shawarar a yi awo a lokacin cunkoso, kwanaki da dama, a ɗauki adadi mafi ƙanƙanta, ko da za a yi asarar wani gudu da safe.