Zazzaɓin yara: Dalilin da ya sa gwaji ke gaba da magani

Mazauna Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran sassan Ƙaramar Hukumar Tarauni suna maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Duk da wannan kusanci, idan jikin yaro ya yi zafi, kemis ne wurin da gidaje da dama ke fara nufa. Maigida na hanzarin fita kasuwa ko ofis, sai a sayo maganin maleriya a ɗura wa yaro, a jira a ga abin da hali zai yi.

Matsalar ita ce zazzaɓi alama ce kawai. Cututtuka da yawa na farawa da shi, kuma kowace da maganinta. Kwana biyun da aka ɓata ana maganin cutar da babu ita, a cikinsu ne wadda ke jikin yaron take samun gindin zama.

A fara da gwajin maleriya

A ma'aunin likitoci, yaro na da zazzaɓi idan zafin jikinsa a hammata ya kai 37.5. Tun daga 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da maganin maleriya sai gwaji ya tabbatar da ita. Gwajin gaggawa da ake kira RDT ɗigon jini kaɗai yake buƙata daga ɗan yatsa, sakamakonsa kuma na fitowa cikin minti 15 zuwa 20.

Idan ya nuna akwai cutar, ana ba da haɗin maganin da ake kira ACT na tsawon kwana uku, bisa nauyin yaro. Wajibi ne a shanye shi duka, ko da jiki ya yi sanyi tun a rana ta farko. Idan kuwa gwajin bai nuna komai ba, sai ma'aikacin lafiya ya nemi musabbabin a wani wurin: ƙirji, maƙogwaro, kunne ko fitsari.

Numfashi na tona asirin nimoniya

Ciwon sanyin haƙarƙari, wato nimoniya, na cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma sau da yawa ana ɗaukarsa a matsayin maleriya ko mura. Iyaye na iya gano alamarsa da agogon waya kawai. A bari yaro ya natsu, a ɗaga rigarsa, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur.

Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Idan kuma ƙasan ƙirji na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, a kai shi asibiti a ranar. Maganin tari na kwalba ba ya taɓa wannan ciwo.

Darasin mashaƙo

A Disambar 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke, Kano kuma ta zama jihar da ta fi kowace yawan masu kamuwa a Najeriya. Akasarin waɗanda suka kamu yara ne da ba su kammala rigakafi ba. Cutar na farawa da zazzaɓi mara tsanani da ciwon maƙogwaro, daga nan wata fatar mai ruwan toka ta shimfiɗu a maƙogwaron, wuya ya kumbura. Wannan fata na iya toshe numfashi, gubar ƙwayar cutar kuma na iya taɓa zuciya. Kai irin wannan yaro wurin wanzami don cire beli ƙara masa haɗari ne, domin maganin da ke karya gubar a asibiti kaɗai ake samunsa.

Rigakafinta na cikin allurar Penta da ake yi wa jariri a mako 6 da 10 da 14. Ta ƙyanda kuwa ana yin ta a wata 9, a maimaita a wata 15. Duka kyauta ne a cibiyoyin lafiya na gwamnati.

Gudawa da zancen haƙori

Fitar haƙori na iya sa yaro rigima da dalalar miyau, amma ba ta kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai yawa. Abin da ke kisa a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Maganin farko shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikin ledar, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. A ci gaba da shayarwa da ciyarwa. Idan ido ya faɗa, ko fitsari ya ragu, ko aka ga jini a bayan gida, lamarin ya wuce na gida.

Masu sikila da jarirai

Akwai yaran da ba a jira da su ko kaɗan. Ga mai ciwon sikila, kowane zazzaɓi na gaggawa ne, saboda saifarsa ba ta iya kare shi daga ƙwayoyin cuta yadda ya kamata. Kumburin hannu da ƙafa mai raɗaɗi a jariri, ko ido ya riƙa yin ɗorawa, dalili ne na gwada rukunin jininsa. Dokar gwaji kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya wa hannu a 2024 za ta taimaki masu zuwa, amma waɗanda aka riga aka haifa ganowa da wuri ce kariyarsu. Haka nan jaririn da bai kai wata biyu ba, zafin jiki kaɗai ya isa a kai shi asibiti.

Alamomin da ba sa jiran wayewar gari

Tsarin kula da cututtukan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya ware alamomin haɗari da suka shafi kowace cuta: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ya riƙa amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ko ya galabaita har ya yi wuyar tashi daga barci. Ɗaya daga cikinsu ta wadatar. Idan yana jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai.

Ba kowane zazzaɓi ne ke buƙatar babban asibiti ba. Cibiyar lafiya ta matakin farko ta unguwa na iya yin gwajin maleriya, ta ƙirga numfashi, ta tura wanda ya yi tsanani zuwa asibitin koyarwa, ko na yara na Hasiya Bayero, ko na Murtala. Abin da ya rage ga magidanci shi ne ya bar izinin fita da kuɗin mota a gida kafin ya tafi nema, ya kuma tabbatar katin rigakafi na inda za a iya ɗaukarsa, domin kada uwa ta wuni tana jiran dawowarsa alhali numfashin ɗanta na ƙara sauri.